Tambayar bincike kan dabbobin da ke ƙarewa: ta ina ɗalibi zai fara?

Tambaya: Ni malamar bayoloji ce a wata babbar sakandare a jihar Bauchi. A wannan zangon na raba 'yan aji biyu rukuni-rukuni, na ce kowane rukuni ya zaɓi dabba guda daga cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa, ya rubuto tambayar da zai yi bincike a kanta. Abin da suka kawo mini bai wuce "Dalilan ƙarewar zaki", "Illolin farauta" da "Rayuwar panda" ba, kuma duk daga waya suka kwafo. Ta yaya zan taimaka musu su fito da tambaya ta gaske, wadda za su iya amsawa da kansu cikin makonni goma ba tare da kashe kuɗi ba?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Kada abin ya dame ki, don 'yan ajin ƙarshe na jami'a da muke duba ayyukansu a fannin namun daji ma da irin wannan suke fara zuwa. "Dalilan ƙarewar zaki" kan magana ne kawai. Ana iya cika shafi hamsin a kansa mutum bai taka ƙofar gida ba, kuma babu ranar da zai ce yau na samu amsa. Tambayar bincike kuwa tana da inda take tsayawa: akwai abin da za a je a gani, ko a ƙirga, ko a tambayo, idan an dawo a ce e, ko a'a, ko wannan ya fi wancan da kaza.

Ba kuma yaran kaɗai ne da alhaki ba. Duk yaron da aka ce ya fara da zaɓen dabba, wadda ta fi burge shi a hoto zai ɗauko. Panda a duwatsun ƙasar Sin take, kuma tun 2016 aka sassauta matsayinta a jerin dabbobin da ke cikin haɗari saboda yawanta ya ɗan ƙaru. Zaki namu ne, amma binciken da aka fitar a 2014 ya ƙiyasta cewa waɗanda suka rage a duk Afirka ta Yamma kusan 400 ne, a Nijeriya kuma sai 'yan kaɗan a Yankari da gandun Kainji. Ma'aikatan gandun da ke kwana a dajin ma ba kullum suke ido biyu da shi ba. To ɗalibin da bai da hanyar ganin dabba, ban da kwafa me ya rage masa?

Shawarata ki juya tsarin. A fara da wurin da yaran za su iya zuwa da ƙafa ko a keke, da mutanen da za su iya zama da su, sannan a duba wace dabba ce ke wurin, ko ta taɓa zama a wurin. Idan kika yi haka a kusan kowane gari na Arewa, kan ungulu za ki faɗa, kuma a ganina babu dabbar da ta kai ta dacewa da wannan aiki.

Ga dalili. Ungulun nan ta gari, wadda iyayenmu suka saba gani a kwata da bakin kasuwa da kan bola, tun 2015 hukumar IUCN mai kula da jerin halittun da ke cikin haɗari ta sa ta a mataki mafi tsanani, wanda daga shi sai ɓacewa daga daji. A wannan shekarar aka fitar da wani babban nazari kan ungulayen Afirka nau'i takwas, ya nuna yawansu ya ragu da kimanin kashi 62 cikin ɗari a shekara talatin, kuma cikin mace-macen da aka samu labarinsu, kusan tara cikin goma guba ce ko cinikin sassan jikinsu don magani da tsibbu. A 2020 an kashe fiye da 2,000 da guba a Gini Bisau cikin 'yan makonni. Ita kuma tsuntsuwa ce mai ƙwai ɗaya tal a shekara, don haka idan aka yi mata irin wannan ɓarna ba ta saurin mayarwa. Ashe ke nan dabbar da matsayinta ya fi na panda muni tana nan, ko tana nan a da, bayan katangar makarantarku.

Yanzu bari in nuna miki yadda ake sassaƙa tambayar, don a nan aikin malami yake. Ɗalibi zai zo ya ce, "Malama, tambayata ita ce me ya sa ungulu take ƙarewa." Kada ki ce ba daidai ba ne, kada kuma ki gyara masa. Ki tambaye shi: a ina? Zai ce a Nijeriya. Ki ce za ka zagaye Nijeriya kafin hutu? Zai sauko ya ce a garinmu. Ki ce ka tabbata ta ragu a garinku, wa ya ƙirga? A nan yakan yi shiru, kuma wannan shirun shi ake nema, don a lokacin yake gane cewa abin da ya ɗauka sananne ne babu wanda ya taɓa auna shi. Sai ki ci gaba: idan za ka ƙirga, ina za ka tsaya? A mayanka. Da wane lokaci? Da safe, lokacin yanka. Da me za ka kwatanta abin da ka samu? Bayan minti goma na irin wannan ja-in-ja, abin da zai fito shi ne kamar haka: ungulu nawa ke sauka a mayankar garinmu tsakanin ƙarfe bakwai da tara na safe, kuma adadin yana bambanta tsakanin ranar kasuwa da sauran ranaku? Wannan tambaya tana da dabba, da wuri, da lokaci, da abin ƙirgawa, da abin kwatantawa. Ba ta da ado, amma yara huɗu da littafi da biro za su amsa ta, kuma amsar ba ta cikin kowace waya.

Abin kwatantawar nan ki riƙe shi da kyau, don shi ɗalibai suka fi mantawa. "Mun ga ungulu bakwai" ba ya gaya wa kowa komai. Bakwai da yawa ne ko kaɗan? Amma idan aka ce bakwai a mayankar da ake zubar da tumbi da jini a fili, babu ko ɗaya a wadda aka yi wa rufi ana kwashe shara kullum, to an fara magana. Kwatancin na iya zama wuri da wuri, rana da rana, rani da damina, ko abin da tsofaffi suka sani da abin da matasa suka sani.

Ƙirgar ma tana da ƙa'ida, kuma gara a tsayar da ita tun kafin a fita. Tsuntsu yana tashi ya dawo, idan yaro ya riƙa tara duk wanda ya sauka zai ƙirga guda ɗaya sau biyar. Abin da ake yi shi ne a tsaya a wuri guda, duk bayan kwata na awa a ƙirga waɗanda ake gani a wannan lokacin, a rubuta, a ƙarshe a ɗauki adadi mafi yawa na ranar. Su haɗa da hankaka da shirwa da karnuka, don su ne ke cin abin da ungulu ta bari, kuma sau da yawa tambaya ta biyu daga nan take fitowa.

Za ki ce, to idan suka je mako shida ba su ga ko ɗaya ba fa? A garuruwa da dama haka za ta faru, kuma yaran za su dawo rai a ɓace su ce bincikensu ya lalace. Bai lalace ba. Sifili da aka samu ta hanyar tsayawa a wuri sananne, a lokaci sananne, sau goma sha biyu, sakamako ne mai nauyi, muddin an rubuta ranakun da awannin. Ki gaya musu wannan tun farko, in ba haka ba wani zai ƙirƙiro ungulu uku don ya faranta miki.

Inda babu tsuntsuwar, akwai waɗanda suka rayu da ita, wato mahauta. Nan wata tambayar take: a wane lokaci mahautan garinmu suka daina ganin ungulu da yawa, kuma me suke ganin ya jawo? Ita ma tambaya ce ta gaske, amma ta fi ƙirga wuyar sha'ani, don ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba kundi ba ce. Idan aka tambayi dattijo wace shekara, zai ce "an daɗe". Sai a ɗaura tambayar a kan abin da ba ya mantawa. Lokacin Shagari, tsakanin 1979 da 1983, suna nan? Zamanin Abacha fa? Lokacin da aka koma mulkin farar hula a 1999? Sa'ad da aka tashi tsohuwar kwata aka dawo nan? Kuma a tambayi kowa shi kaɗai. Idan aka tara su, Sarkin Fawa zai yi magana sauran su ce haka ne, a tashi da amsar mutum ɗaya an rubuta ta sau goma. Abin da ya fi ba ni sha'awa a irin wannan aiki shi ne a raba waɗanda aka tambaya gida biyu, 'yan sama da sittin da 'yan ƙasa da talatin, a tambayi kowa ungulu nawa ne "da yawa". Dattijo zai tuna lokacin da suke rufe rufin rumfuna, saurayi kuwa yana iya ganin biyar ya ce yau sun cika. Kowane zamani yana ɗaukar abin da ya tarar a matsayin yadda duniya take, kuma ta haka dabba ke ƙarewa ba a farga ba. Yaran da suka gano wannan da bakin mutanen unguwarsu sun koyi abin da lacca ba za ta koya musu ba.

Har a maganganunmu na yau da kullum akwai tambayoyi a kwance. Muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. To gaskiya ne a tsamiya take sheƙa? Masu bincike da suka bi sheƙunanta a Burkina Faso sun tarar da yawancinsu a kan ɗorawa da gawo da tsamiya, manyan itatuwa masu tsawo, kuma da rani take kiwon ɗanta. Rukuni guda na iya tambaya: itatuwa nawa masu irin wannan girma suka rage tsakanin mayanka da nisan kilomita ɗaya, kuma guda nawa dattawan unguwa za su iya nuna gurbin da aka sare su? Wannan bincike ne kan ungulu ko da ba a ga ungulu ba, kuma igiyar awo kawai yake buƙata.

Akwai wani tarko da nake so ki lura da shi, wato tambayar da ta riga ta haɗiye amsarta. "Yadda farauta ta ƙarar da ungulu a garinmu" hukunci ne aka yanke kafin a saurari shaidu. Ɗalibin da ya fita da wannan, duk wanda ya ambaci farauta zai rubuta, wanda ya ce an sare itatuwa ko an gyara mayanka sai ya share. Misalin da nake ba ɗalibai a nan shi ne na Indiya. A shekarun 1990 ungulayen can suka riƙa mutuwa har wasu nau'o'in suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari. Da farko an fi zargin wata cuta mai yaɗuwa. Sai a wajajen 2003 zuwa 2004 masu bincike a Pakistan suka gano cewa maganin kashe zafin ciwo ne mai suna diclofenac da ake yi wa shanu allurarsa. Idan saniya ta mutu da shi a jiki, ungulun da ta ci mushen sai ƙodarta ta lalace. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da shi ga dabbobi. Da masu binciken sun kafe a kan zatonsu na farko, da ba a gano ba. Labarin yana da wani amfani kuma: yaro zai karanta shi a intanet ya kwafo ya ce abin da ya kashe ungulun Azare ke nan. Sai ki tambaye shi shaidarsa. Dalilin Indiya daban, namu daban, kuma na garinku sai an je an duba.

Kafin su yi nisa, ki ba su darasi guda kan abin da ake nufi da dabba tana cikin haɗari, don a nan ma ana cakuɗa abubuwa. Jerin IUCN, wanda aka fara tun 1964, ba da jin tausayi ake cika shi ba, da awo ne. Akwai matakai uku na barazana, daga mai rauni, zuwa mai fuskantar haɗari, zuwa mai fuskantar matsanancin haɗari. Dabba tana shiga na ƙarshen idan, alal misali, ta ragu da kashi 80 cikin ɗari a shekara goma ko zuriya uku, ko kuma balagaggunta ba su kai 50 ba. Amma jerin yana duba duniya ne gaba ɗaya, kuma dabba na iya zama da sauƙi-sauƙi a duniya alhali ta ƙare a wurinmu. Gauraka ce misali. A jerin tana matakin farko ne kawai, don har yanzu akwai ta a Chadi da Sudan da Habasha, amma a Nijeriya, inda ake kiranta tsuntsuwar ƙasa, da wuya a gan ta a daji yanzu. Haka burtu, wanda maharba ke ɗaura kansa a goshi su yi sanɗar nama, shi ma ya shiga jerin. Babban kunkurun nan na Sahel da ake ajiyewa a gidajen masu hali yana mataki na biyu. Wani ɗalibi zai kawo miki jaki, saboda ya ji ana yanka su don fata. Jaki dabbar gida ce, ba ya cikin wannan lissafi, amma ni ba zan kore shi ba: matsalar ta kai har Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fata a 2024, kuma tambayar yadda farashin jaki ya sauya a kasuwar garinsu, da abin da hakan ya jawo wa masu ɗiban ruwa da yashi, tambaya ce mai kyau. Ki dai sa ya faɗi a fili cewa ya fita daga jerin, da dalilinsa.

Wani abin da yara ba sa kawowa da kansu shi ne tambaya kan dabbar da ta farfaɗo. Duk tunaninsu kan mutuwa yake. Ki ba su labarin raƙuman dawa na Nijar. Wannan nau'i a da ya bazu daga Senegal har zuwa yankin Tafkin Chadi, har da arewacin Nijeriya. A 1996 saura 49 kacal a duniya, duk a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi don a kafa garke na biyu. Kuma ba a cikin gandu mai shinge suka farfaɗo ba, a tsakiyar gonakin mutane ne, suna cin ganyen gawo, suna kuma shiga wake da mangwaro. Abu biyu nake so ɗalibi ya ɗauka daga nan. Na farko, yadda aka san adadin: zanen jikin kowane raƙumin dawa daban yake da na ɗan'uwansa, don haka ake ɗaukar hoton kowanne ta dama da ta hagu a ajiye, a gane shi duk shekara. Duk adadin da yaro ya gani a littafi, ya saba tambayar yadda aka yi aka samo shi. Na biyu, tambayar wa ke biyan kuɗin wannan farfaɗowa. Manomin da aka cinye wa wake shi ma yana cikin lissafi.

Wannan ya kawo ni kan giwayen Yankari, tunda a Bauchi kike. Gandun ya kai murabba'in kilomita 2,244, an kafa shi a 1956, ya zama na tarayya a 1991, ya dawo hannun jiha a 2006, kuma garken giwayensa na cikin mafi girma da suka rage a ƙasar nan, ko da yake ƙiyasin da ake yawan ambata bai wuce 100 zuwa 150 ba. Ɗalibanki ba za su ƙirga giwa ba, kuma kada ma su gwada. Amma idan a cikinsu akwai 'yan ƙauyukan Alkaleri da ke bakin gandun, suna da abin da mai bincike daga birni ba shi da shi, wato manoman za su yi musu magana ba tare da ɗari-ɗari ba. A wane wata giwaye suka fi shiga gona? Wane amfani suka fi ci, masara ko dawa ko gero? Gonakin da ke kusa da iyaka sun fi na nesa shan ɓarna, kuma daga wane nisa abin ke raguwa? Wace dabara manoma ke yi, ganga ko wuta ko hayaƙin barkono, kuma wacce suke ganin tana aiki? A Kenya an gwada jera amya a gefen gona saboda giwa na gudun ƙudan zuma, aka kuma ga amfaninsa. Kafin wani ya ce a kawo wannan nan, tambayar ɗan sakandare ita ce manoma nawa ne a ƙauyen ke da amya tun asali, kuma za su yarda su mayar da ita bakin gona?

Game da yadda za ki tafiyar da ajin, ga abin da na ga yana aiki. Makon farko kada a yi maganar tambaya sam. Kowa ya je ya zauna da wani tsoho a gidansu ko unguwarsu, ko maharbi, ko masunci, ko makiyayi, ya rubuto sunayen dabbobi da tsuntsayen da ake gani a da, yanzu ba a gani. Ya kuma yi rabin awa a wuri guda yana kallo yana rubuta abin da ya gani. Gani ya kori ji. Mako na biyu kowane rukuni ya zubo tambayoyi ashirin a takarda, ba tare da kin tace ko ɗaya ba, har da na wauta. Sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya a ware. Wasu amsarsu na cikin littafi, kamar wata nawa giwa ke ɗaukar ciki. Waɗannan a duba a wuce, shimfiɗa ce. Wasu sun fi ƙarfin zango guda, kamar ko canjin yanayi ne ya kori gauraka. A ajiye su gefe da mutunci, a gaya wa mai tambayar cewa tambayarsa babba ce, lokaci ne babu. Wasu kuma ra'ayi suke nema, kamar ko ya dace a kashe giwar da ta cinye gona. Waɗannan na muhawara ne, amma ana iya juya su su zama na bincike idan aka ce mutum nawa cikin talatin ke ganin ya dace, kuma manoma da 'yan kasuwa sun bambanta? Abin da ya rage bayan wannan tankaɗe, galibi biyu ko uku, su ne ake sassaƙawa kamar yadda na nuna a sama.

Daga nan rukunoni su yi musayar takardu. Rukunin da ya karɓi tambayar wani ya faɗi abin da zai yi gobe da safe idan shi aka ba aikin. Idan ya kasa faɗa, tambayar ba ta nuna ba tukuna. Sai kuma fitar gwaji ta rana ɗaya kafin a tsayar da magana. A nan ne za a gano cewa yanka a garin ƙarfe shida ake gamawa, ko mahauta ba sa son a zo musu da takarda a hannu, ko tambaya ta uku cikin waɗanda ake yi wa mutane ba wanda ke gane ta. Canza tambaya bayan gwaji ba faɗuwa ba ce, kuma ni da zan ba da maki, kaso mai tsoka zan ware wa rukunin da ya nuna yadda tambayarsa ta sauya daga mako na biyu zuwa na huɗu, da abin da ya sa.

Sai maganar da ba a wasa da ita. Babu ɗalibin da zai shiga daji don wannan aiki. Halin tsaro a dazuzzukanmu ba ɓoyayye ba ne, kuma duk tambayar da amsarta ke cikin daji a sauya ta. Kafin a je mayanka a nemi izinin Sarkin Fawa, kafin a shiga unguwa a gaida mai unguwa, da takarda daga shugaban makaranta, 'yan mata kuma su tafi a rukuni tare da babba da sanin iyaye. Ba a hawa itace don leƙa sheƙa, ba a taɓa mushe. Idan aka ga sheƙar ungulu, kada a sa hotonta da kwatancen wurin a Facebook ko WhatsApp, don masu neman ƙwanta da kanta su ma suna riƙe da waya. Ba a rubuta sunan wanda aka tambaya, lamba ake ba shi.

Za a samu yaro mai ƙwazo da zai ce shi kasuwar masu maganin gargajiya zai je ya ƙirga kawunan ungulu da ɓawon ɗankunya, dabbar nan da ke dunƙulewa idan ta tsorata. Tambayar tana da muhimmanci, don ɗankunya na cikin dabbobin da aka fi fataucinsu a duniya, kuma tun taron 2016 na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, a gida ma an kafa doka a 1985, aka yi mata gyara a 2016. Amma wannan aikin manya ne masu izini da horo. Ɗan sakandare da ke yawo da littafi a rumfar da ake sayar da abin da doka ta hana yana jefa kansa cikin rigima, kuma idan ya sayi wani abu don ya nuna a aji, ya zama mai ciniki shi ma. Ki mayar da shi kan abin da mutanen unguwa suka yi imani ungulu na magani, da ko matasa sun yarda da hakan kamar iyayensu, ba tare da tambayar wa ya saya ko wa ya sayar ba.

Wanda kuma ya nace sai panda ko damisar Indiya, ki bar shi, bisa sharaɗin ya kawo tambayar da ke buƙatar ya jera alƙaluma da kansa, kamar kwatanta matsayin dabbobi goma a jerin IUCN shekara ashirin da suka wuce da na yau, ya ga nawa suka hau nawa suka sauka. Shafin jerin a buɗe yake ga kowa, kuma kowace dabba akwai tarihin matakanta a ciki.

Abin da yaran suka tara kada ya ƙare a cikin kabad ɗin ofis. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda 'yan sa-kai ke tura wa abin da suka gani ta waya, kuma akwai yankuna da yawa na Arewa da bayanansu ke da ƙaranci. Ƙirgar ungulu daga mayankar ƙaramin gari, ko da sifili ce, tana da inda za ta shiga. Ki kuma sa a rubuta wurin tsayawa da awannin ƙirga dalla-dalla a littafi guda da zai zauna a makaranta, don 'yan aji biyu na baɗi su tsaya a wuri ɗaya, a watanni ɗaya, su maimaita. Daga shekara ta biyu tambayar ko ungulu na raguwa a garinku za ta fara samun adadi biyu da za a ajiye gefe da gefe.